Rasuwar Bahago, Katakon Ƙafar Hagu na Gidan Kemppainen

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da dugadugai masu cike da bororo, Tauno Kemppainen na ƙauyen Naavala yana sanar da 'yan'uwa, abokan arziki, da waɗanda kallo kawai ya kawo su, rasuwar katakon zamiyarsa na ƙafar hagu, irin dogon nan da ake ɗaurawa a ƙafa a yi tafiya kan dusar ƙanƙara, wanda aka fi sani da Bahago. Rai ya yi halinsa da yammacin Asabar ɗin da ta wuce, a bakin tafkin Siikaranta, yana tsakiyar aiki. Ya rasu yana da shekara saba'in babu kaɗan, bayan gajeriyar rashin lafiya da ba ta wuce ƙiftawar ido ba.

An haifi marigayin tare da ɗan tagwayensa, Na-Dama, daga gindin itacen koivu guda, a hannun tsoho Aukusti, mahaifin Tauno. Shi ya fere su, shi ya gasa musu kwalta har ta shiga jikinsu. Tun suna sabbi suka yi aikin da ya ba su suna, ranar da suka ɗauki Aukusti a kan dusar ƙanƙara daga Naavala zuwa Siikaranta, kilomita ɗari da hamsin da ɗoriya, tsakanin fitowar rana da faɗuwarta, don ya nemi auren Hilja. Ya isa ƙofar gidan iyayenta, ya buɗe baki zai yi gaisuwa, barci ya kwashe shi a tsaye. Da ya farka aka ba shi ita. Saboda haka duk wani ɗan gidan Kemppainen da ke numfashi yau, da sa hannun marigayin a zuwansa duniya.

Bahago mai ƙana'a ne. Abincinsa kwalta sau ɗaya a shekara, da ɗan kakin da ake goga masa a ciki. Ba shi da yawan magana. In hanya ta yi kyau sai ya ce "shuuu", Na-Dama ya amsa masa da "shaaa". In sanyi ya tsananta ya ce "ƙiii", ya yi shiru. Haƙurinsa kuwa ba a magana. Ya ɗauki Aukusti, wanda jikinsa bai fi busasshen kifi ba, bai yi fahari ba. Daga baya ya ɗauki Tauno, wanda bai taɓa barin sosej, niƙaƙƙen naman nan mai kitse da ake ɗurawa a hanji, ya kwana a faranti ba, bai kai ƙara wurin kowa ba.

Ba a ƙarya a kan mamaci, don haka dole a faɗi cewa shekarunsa na ƙarshe, kusan ashirin, a cikin rigima ya yi su. Ranar da aka binne Aukusti, jama'a na falo suna shan kofi, Tauno ya zame ta ƙofar baya ya kwashe tagwayen daga rumfa ya kai gidansa. Ƙanensa Arvo ya ji labari da kofin a hannu. Tun daga ranar wa da ƙane ba sa ga maciji, alhali hanya ɗaya ce tsakanin gidajensu, kowa na ganin hayaƙin murhun ɗan'uwansa. Duk saƙon da ya zama dole, ta bakin Sirkka matar Tauno yake bi.

Ajali ya fara kiran marigayin ne a kantin ƙauye, cikin watan Maris. Tauno ya jingine tagwayen a ƙofa ya shiga sayen madara, Sirkka na gefensa, sai ga Arvo.

"Matar Yaya," in ji Arvo, da muryar da ta kai har wurin mai awon nama, "ki gaya wa mijinki, katakon da ya auro mana uwa ba na zuwa sayen madara ba ne."

"Sirkka," in ji Tauno, "ce masa wanda bai iya shafa kwalta ba ya ja bakinsa."

"Ce masa," in ji Arvo, "ya kai su Siikaranta a yini ɗaya, kamar Baba. In ya kai, na yafe har abada. In rana ta faɗi yana hanya, ya miƙo min su a nan, gaban jama'a."

"Ni ba gidan waya ba ce," in ji Sirkka. "Ga ku nan kuna shaƙar numfashin juna, ku yi maganarku."

Amma bakin Tauno ya riga kansa. "Ce masa na yarda."

Aka sa rana a ƙarshen Afrilu, lokacin da yini ya yi tsawo, kuma sanyin asuba ke daskarar da saman dusar har ya ɗauki mutum kamar daɓen siminti. Tauno ya fita da fitowar rana, jakarsa cike da baƙin burodi, sosej da fulas ɗin kofi. Da safe tagwayen suka tuna ƙuruciya, suna ta shuuu da shaaa a kan fadamu da tafkuna, mai su yana ganin Aukusti ma ba wani abu ya yi ba. Kafin azahar gwiwoyinsa suka fara ba shi nasu labarin. Ya tsaya shan kofi fiye da yadda mai neman aure zai tsaya. Rana ta yi sama, daɓen ya fara laushi.

A nan ya kamata a yi wa Tauno adalci, ko da sau ɗaya ne a wannan sanarwa. Mutumin ya yi tafiya. Dugadugansa suka fashe, kafaɗunsa suka mutu, ya yi amai a gindin wata bishiya ya goge baki ya ci gaba. Tsoro ne ke tura shi, kuma ba tsoron rasa katako ba. Yana ganin kansa a tsaye a kanti, yana miƙa wa ƙanensa abin da ya ɗauke ta ƙofar baya, ƙauye duka na kallo, kowa ya san abin da miƙawar ke nufi. Wannan hoton ya fi masa bororo zafi.

Rana na saura kamu biyu ta taɓa kan bishiyoyi ya hango hasumiyar cocin Siikaranta a hayin tafki. Gangare ɗaya ya rage, sai tafkin. Ya saki jiki ya gangaro da dukan sosej ɗin da ya ci a rayuwarsa. Daɓen ya rufta, hancin Bahago ya shige ƙarƙashin wani kututture da dusa ta binne. Kalmarsa ta ƙarshe, wadda bai taɓa furtawa ba sai ranar, ita ce "ƙwas".

Tauno ya ciro fuskarsa daga dusa, ya ga marigayin gida biyu. Ya zauna ya rungume su, ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar jana'izar mahaifinsa, don a ranar yana da aiki a rumfa.

A kan tafkin akwai wani mai kamun kifi da ya huda ƙanƙara tun safe yana zaune, ko tana bai sa wa ƙugiyarsa ba. Arvo ne. Mota ya tuƙo tun daga Naavala don ya ga faɗuwar rana da idonsa. Ya sulalo a kan nasa katakon, ya tsaya a kan yayansa.

"Sannu, Yaya. Ka kashe shi ke nan?"

Wannan ce maganar farko da ta shiga tsakaninsu ba ta bakin Sirkka ba. Tauno ya fara kwance ɗaurin ƙafar dama. "Ka ci. Ga Na-Dama nan, ɗauki. Ba sai mun je kanti ba."

Arvo ya dubi gawar, ya dubi rana. Ya durƙusa ya kwance katakonsa na hagu, ya jefa wa yayansa. "Saka. Ƙafarmu ɗaya, ɗaurinmu irin na Baba ne."

"Ba na so."

"Wa ya ce kai na ba wa, buhun dankali? Na-Dama na ba wa. Ya san ƙofar gidan can, ba zan bari ya kwana a hanya saboda kai ba. Tashi, rana ba ta jiran mai teɓa."

Haka Tauno ya tsallake tafkin, katako ɗaya dogo ɗaya gajere, yana tafiya kamar agwagwa. Ya dafa ginshiƙin ƙofar gidan kakanninsa da sauran jan rana a kan bishiyoyi. Arvo kuwa sai can daga baya ya iso, yana nutsewa har cinya a kowane taku, gawar marigayin a kafaɗarsa. Ya ƙi barin ta a daji.

Game da musabbabin mutuwar, iyalai ba su daidaita ba. Tauno ya ce dusar zamanin nan ce, ba ta da amana irin ta da. Sirkka ta ce sosej ne. Haka nan an samu labarin cewa a kanti ana ta gardama ko an cika sharaɗi, tunda rabin katakon Aukusti ne ya isa. Ana roƙon masu ra'ayi a kan wannan su bar shi a gida ranar jana'iza.

Marigayin ya rasu ya bar ɗan tagwayensa Na-Dama, wanda shi kaɗai ba zai iya kai kowa ko'ina ba. Ya bar sandunan dogarawa biyu, abokan aikinsa, ɗaya a lanƙwashe. Ya bar Tauno, da rabin gwangwanin kwalta. Ya kuma bar Arvo Kemppainen. Da farko Tauno ya ce kada a sa wannan sunan, daga baya ya ce a sa, amma a ƙarƙashin gwangwanin kwalta.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da yamma, a tsohon ɗakin wankan turiri na Aukusti da ke bakin rafi. Ɗakin a rufe yake tun rasuwar mai shi, don kowane ɗa ya sa masa nasa kwaɗon, saboda haka ana tunatar da masu makoki biyu kowa ya zo da mabuɗinsa. A murhun ɗakin za a sa gawar. Tauno zai sa rabin gaba, Arvo rabin baya, kuma wannan ne karo na farko da aka raba wani abu na gadon Aukusti daidai wa daida. An gayyaci fasto, ya ce yana da uzuri. Ba a bukatar furanni. Mai son taimakawa ya kawo itace, don marigayin siriri ne, ba zai gasa tsofaffi biyu ba. Bencin sama na ɗakin mutum biyu kawai yake ɗauka, kuma an riga an kama.

Sirkka za ta ba da kofi da kek bayan an fito. Ta ce a rubuta cewa ta daɗe da jin zumunta a ƙafa take, amma ba wanda ya gaya mata sai an karya ƙafar tukuna.

Za a ci gaba da karɓar gaisuwa a barandar Tauno, inda Na-Dama ke jingine da bango. Kusa da shi akwai katakon hagu na Arvo, wanda Tauno bai mayar ba, Arvo kuma bai ce a ba shi ba. Kullum da safe dai yakan tsallako hanya, wai ya duba ko ba a karya masa shi ba. Sai Tauno ya ce wa Sirkka ta ƙara kofi ɗaya, tunda mutumin ya riga ya zo.