Rasuwar Filomena, Bindigar Nicanor Huenchul

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Nicanor Huenchul, mai kiwon tumakin Señora Etchart a tsaunukan Chubut, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar bindigarsa Filomena, wadda ta cika tana da wata goma sha ɗaya a duniya, bayan doguwar jinya.

Marigayiya doguwa ce, kyakkyawa, ga haƙuri. Duk tsawon rayuwarta ko ɓera ba ta taɓa cuta ba. Maƙwabta sun shaida ba ta ɗaga murya. Kalmarta ɗaya ce tak, "ƙyas", kuma ita ta yi ta maimaitawa ranar da damisar dutse ta faɗo garke da hantsi ta kashe 'yan raguna tara, Nicanor na tsaye a gefe yana ta jan kunama yana gumi.

Mai gyaran bindiga na garin Esquel ya duba ta, ya ce da ciwonta aka haife ta: allurar da ke dukan harsashi gajeriya ce tun daga masana'anta. Da yake garantinta bai ƙare ba, aka naɗe ta da bargo aka sa ta a motar Buenos Aires zuwa kamfanin da ya ƙera ta. Wata huɗu tana kwance a can, damisa kuwa ba ta ɗauki hutu ba. Señora Etchart ta zo ta ƙirga tumakinta, ta ce, "Nicanor, tumakina kake kiwo ko damisa? In ban ga fatarta ba kafin askin tumaki, ka nemi wani gidan."

Ranar Talata gawar ta dawo da wasiƙa a maƙale. Kamfani ya yarda laifinsa ne, amma ba zai taɓa ta ba, don wani ya ƙone ƙotarta da ƙarfen sa wa dabbobi lamba. Wanin nan Nicanor ne. Shi bai yarda abu nasa ne ba sai ya ɗora masa ƙarfe mai zafi. Dokinsa ya sha, sirdinsa ya sha, har kujerar da yake zama. Matarsa Eulalia ta yi masa gaisuwa, ta ce, "Ai ka kyauta, tsoho. Da ɓarawo ya sace ta, da ya san wanda zai mayar wa."

Marigayiya ta bar mai ita, da harsasai arba'in da ba su san abin da ake ciki ba, da damisa guda wadda ƙiba ta fara hana ta tsallake shinge.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da rana a bayan garke, da zarar an gama aski. Ba za a harba bindigar ban kwana ba. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su taho da keken doki da igiya, don daga bakin kabari za a wuce a ɗaure wa Nicanor gado da tukwane. Sabon makiyayi zai tare ranar Lahadi.