Kek ɗin Rumasa'u a layin gidan burodi

A wata unguwa cikin Zariya akwai wata matashiyar matar aure, Rumasa'u, wadda ko gaisuwa kuka tsaya yi da ita sai zancen ya ɓulle kan fulawa. Kuma a faɗi gaskiya, son abin take har zuci. Takan tankaɗe fulawa sau uku, ta auna a sikeli, ta shinshina, ta murza tsakanin yatsu. Ranar da kek ya ƙi tashi, ranar ko mijinta lallaɓawa yake ya fita. Fulawar awo ta kasuwa kuwa ba ta shiga gidanta. Tata daga Abuja ake aiko mata a 'yar jakar takarda, tana ajiye ta a saman kantar ɗakinta kamar kayan jere.

To ana jajibirin Ƙaramar Sallah, bayan ta yi wa surukarta alkawarin cewa bana kek ɗin da za a ba baƙi daga hannunta zai fito, ta fasa ƙwai, ta buga bota da sukari, ta zuba bekin foda, ta juye kwaɓin a gwangwanayenta masu siffar fure, sai aka ɗauke wuta. Oben ɗinta na lantarki ne, janareton gidan kuma ba ya ɗaukarsa. Ta zauna jira, tana duba ƙwan fitila tana duba kwaɓi. Shi kuwa kwaɓin kek in ya sha zama mutuwa yake, ya fito kamar dutsen guga. Ga alkawari an riga an shelanta a gidan surukai, har ƙannen miji sun fara bugo waya suna tambayar ko da zabibi a ciki.

Dole ta yafa mayafi, ta rungumi tire, ta nufi inda ta taɓa cewa ko a mafarki ba za ta kai kayanta ba: gidan burodin unguwa. Al'adar wurin, duk jajibiri in an gama gasa burodi, matan unguwa kan kawo kek ɗinsu a gasa musu da sauran zafin oben ɗin itacen. Ta tarar da layi har bakin ƙofa, kowa da tirenta, kek a gwangwanayen madara da na tumatir da aka wanke aka shafe da mai. Mai gashin, Malam Sidi, yana tsaye da dogon katakonsa, gumi ya jiƙa masa riga.

Rumasa'u ta ratsa layi ta gaishe shi, ta bayyana masa cewa nata ba irin wanda ya saba gani ba ne. Ta nemi a sa shi shi kaɗai, kuma a fara da shi, domin fulawarsa ba ta jure jira, ba ta kuma son warin wani kwaɓi kusa da ita. Malam Sidi ya ce ya ji, ya nuna mata ƙarshen layi da haɓa.

A gabanta akwai wata dattijuwa, Inna Barira, zaune kan benci da tirenta a cinya. Rumasa'u ta yi ƙoƙarin kawar da kai, abin ya gagara. Idonta ya faɗa cikin gwangwanayen.

"Inna, wannan fulawar awo ce ko?"

"Ita ce, 'yar nan."

Shi ke nan aka buɗe makaranta. Ta yi wa Inna bayanin cewa fulawa kala-kala ce: akwai mai ƙarfi ta burodi, akwai mai laushi ta kek, kuma wadda ake awo a kwano ba wanda ya san watannin da ta yi a buhu tana shaƙar warin daddawar maƙwabtan rumfa. Ta ce abin tausayi ne yadda mutanenmu ke ɓarnar ƙwai da sukari a kan fulawar da ba ta da asali. Ta ciro waya ta nuna hoton jakar tata, gaba da baya. Inna Barira tana ta gyaɗa kai, azumi ya hana ta doguwar magana, tana korar ƙuda daga kan tire da gefen zane.

Matan layi suka fara gunaguni. Wata daga cikinsu ta ce wannan ai iyayi ne da rana tsaka. Rumasa'u ta juya da fuskar wadda aka zalunta, ta ce ita wallahi ba raini take ba, ƙaunar abin ce ta yi mata yawa, kuma duk mai ƙaunar abu ba ya yarda a wulaƙanta shi a gabansa.

Matar ta ce, "Mu kuma ƙiyayyarsa ce ta tsayar da mu a rana tun azahar da bakin azumi."

Ana cikin haka Malam Sidi ya zura hannu bakin oben, ya ji zafin, ya sanar cewa wuta ta fara kwanciya, zubi ɗaya ya rage. Ya ƙirga tire, na Inna Barira ne zai cike gurbin ƙarshe. Na Rumasa'u ya rage a hannunta.

Nan take ilimin fulawa ya gudu. Ta hango surukarta gobe da baƙi cike da falo, ga faranti babu komai, ga ƙannen miji suna kallon juna. Ta roƙi Malam Sidi ya ƙara itace, ya ce kafin oben ya sake ɗaukar zafi an sha ruwa, shi ma yana da iyali. Abu ɗaya zai yiwu, in ji shi: tiren Inna babba ne, in ta yarda ta matse gwangwanayenta, sai a jera na Rumasa'u a gefe, su shiga tare a tire ɗaya.

Har waɗanda aka riga aka sallama suka fasa tafiya. Rumasa'u ta dubi furannin gwangwanayenta, ta dubi na madarar Inna. Ta rage tsawo a gaban benci, muryar nan ta koma 'yar ƙarama.

"Inna, don Allah ki rufa min asiri. Na gidan surukaina ne."

Inna Barira ta miƙe a hankali, ta shiga matsar da gwangwanayenta ɗaya bayan ɗaya har wuri ya samu. Da hannunta ta karɓi na Rumasa'u ta jera. Sannan ta miƙa wa mai gashi tiren.

"Sa mata, Malam Sidi. Amma ka bar ɗan tazara a tsakani, kada nawa su ɗauki hali, su fito suna tambayar jikokina 'ya'yan wane ne su kafin su yarda a ci su."