Yadda Daron Zabi Ya Wuce ta Bayana

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar lallen Rafiya, kuma ko na so in manta, waɗanda suke wurin ba za su bar ni ba. Bari in lissafo su tun da wuri, kowa ya ɗauki rabonsa. Akwai Azara, 'yar yayata, uwar amarya. Akwai amaryar kanta, Rafiya, ma'aikaciyar jinya. Akwai ƙawarta Akos, malamar makaranta 'yar Kumasi, wadda a kasuwa ta tsinci Hausarta. Akwai Gwaggo Sanatu, babbar gwaggon ango, da ayarinta, su daga baya suka iso. Sai Memuna, taubashiyata, 'yar kawuna, wadda tun muna 'yan mata ba ta da buri a duniya sai ta ga ranar da zan ji kunya. Sai ni.

A unguwarmu Aboabo, duk gidan da za a yi biki ko suna, kafin a sayi shinkafa ni ake fara aiko wa. Ba girki nake yi ba, ba guɗa ba. Makullin sito ake damƙa mini. In ɗaure shi a bakin mayafi, in dasa 'yar kujerata a ƙofar ɗakin da aka tara nama da lemo, shi ke nan. Ban yi boko ba, ko sunana aka rubuta ba zan gane shi ba, amma in mace ta shiga da siririn ƙugu ta fito ƙugun ya yi kauri, na san cinyar kaza ce a zanenta. Sakata suke ce mini (a bayan idona ke nan, a gabana Hajiya ce, in ban da Memuna). Wannan makulli shi ne sarautata, ba ni da wata.

Ranar, abin da aka ba ni amana daron soyayyun zabi ne, tukwicin dangin ango da za su kawo lefe bayan la'asar. Azara ta ja ni gefe ta ce, "Mma, komai ya ɓace ban da wannan daro. Kin san bakin Sanatu." Na ce mata, "Je ki yi harkarki. Yaushe kika fara koya wa kare haushi?"

Gidan Azara sabo ne, a unguwar Vittin, irin ginin zamani da sito yake cikin falo. Masu suya suna ta kawo nama kashi-kashi daga murhu, don haka ban kulle ba, na dai ja ƙofar. Idona ya fi kwaɗo, in ji ni.

A falon nan aka zaunar da amarya. An shafa mata lalle a ƙafa an ɗaure da leda, mai lalle ta ce in ta motsa ba ruwanta. Na hannu kuma sai na ƙafa ya kama tukuna. Yarinya ta gaji da zama, ta ce Akos ta kunna mata gem. Sai na ga an miƙo mata wani abu kamar ƙahon rago mai maɓallai, hannun gem suke ce masa, talabijin ta haska.

Na ce, "Amarya da wasan yara? Mu ranar lallenmu kuka muka wuni muna yi."

Ta ce, "Kaka, ai kun yi kukan da ya ishe mu duka."

Na kawar da kai. Amma mai gadi ba ya iya hana idonsa ganin abin da ke motsi, nan ne aka same ni. Wani mutum ne sanye da baƙaƙen kaya, a tsugune bayan katanga. Gabansa wani ƙaton gida, sojoji suna zagaya shi da tocila. Na jira in ga harbi da gudu irin na fim, shiru. Mutumin nan yana tsugune kawai, yana kallo.

"Me yake jira?"

"Yana koyon zagayensu ne, Kaka. An kulle ƙanwarsa a ciki. In aka gan shi an gama."

To, nan gem ɗin ya fara burge ni, gaskiya ɗaya ce. Wanda ya ƙera shi ya san sata, ko dai ya taɓa gadi. In mutumin ya taka tsakuwa, sai a ji ƙara. In ya bi kan ciyawa, shiru. In ya shiga haske ana hango shi, in ya raɓe a inuwa ya ɓace. Wanda ya yi gaggawa shi ke mutuwa, mai haƙuri shi ke wucewa, kuma hanya ba ɗaya ba ce: ga taga, ga magudanar ruwa, ga rufi. Ban taɓa ganin abin yara da ke koya wa yaro ya zauna shiru ya lura ba sai wannan. Ciyawar ma in iska ta kaɗa ta, sai ka ce bayan gari ne da damina.

Rafiya ta tashe shi zai tsallaka, na ji bakina ya ce, "Tsaya. Na hagun nan zai juyo."

Ya juyo kuwa.

Akos ta dube ni ta ce, "Mma ya iya wannan abu sosai paa." (Akos kowa namiji ne a bakinta, har uwar da ta haife ta.)

Ban san lokacin da na jawo kujerata gaba kaɗan ba. Don in ga da kyau ne. Can na ƙara jawowa, saboda hasken taga yana dukan gilashin. Ina cikin haka na hango kan Memuna a taga, daga baranda inda aka sa ta yankan albasa. Na ce, "Ke, koma kan albasarki." Ta ce, "Kallo nake yi, Sakata. Kallon ma sai da makullinki?" Na share ta.

Sai muka zo wurin da gem ɗin ya ɓata mini rai. Wani soja ya tsaya ƙiƙam a bakin ƙofa, ba hanyar wucewa. Rafiya ta sa mutuminta ya ɗauki kwalba ya wurga can gefe. Kwalba ta fashe. Soja ya bar ƙofar da aka ba shi, ya tafi yana haska tocila, ya duba, ya yi wata magana da Turanci, ya dawo. Kafin nan mutuminmu ya shige.

"Me ya ce?"

"Ya ce wataƙila kyanwa ce."

"Kyanwa? Kwalba ta faɗo daga sama, ya ce kyanwa?"

Daga nan na buɗe baki, kuma ni in na buɗe baki ba na rufewa da wuri. Na ce waɗannan ba masu gadi ba ne, gumaka ne aka sa wa kaki. Ba sa ganin komai sai abin da ke gaban hancinsu, kamar jakin da aka rufe wa gefen ido. Ƙato ya tsuguna cikin ciyawar da ba ta kai gwiwa ba, kansa a waje, su wuce shi. Su tarar da ɗan'uwansu a sheme a ƙasa, su ɗan yi hayaniya, jim kaɗan kowa ya koma zagayensa kamar ba a yi ba, ko jaje babu. Kuma duk bakinsu ɗaya, na farko kyanwa, na biyu kyanwa, wane gari ne wannan da kyanwa ta fi mutane yawa? In an kama mutumin kuwa, faɗan ba kyan gani, hoto ya riƙa juyawa har jiri ya ɗebe ni. Ya mutu, ya tashi, ya sake daga bayan katangar ɗazu. Na ce ina ma haka duniya take, da ba wanda zai ji tsoron kunya.

Na rufe da cewa, "A ba ni sojan nan in kai shi biki ɗaya a Aboabo. Kafin azahar matan unguwa sun raba shi da takalminsa. Mai gadin kirki, in ya ji ƙara a gabas, yamma yake dubawa."

Da bakina na faɗi wannan. Ku riƙe shi.

Mutuminmu ya kai ƙofa ta ƙarshe, ƙanwarsa na bayanta, soja mai tocila yana matsowa. A daidai nan sai na ji ƙwarangwam a barandar gaba. Na miƙe, don jiki ya saba, na fita. Murfin tukunya ne yake ta juyawa a kan siminti, ba kowa. Na dubi hagu, na dubi dama, rabin hankalina yana can wurin mai tocila. Sai na ce, a fili, kowa yana ji:

"Kyanwa ce."

Na dawo na zauna. Rafiya ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suna rawa. Akos ta cusa bakin gyalenta a baki. Na ɗauka tsoron soja ne ya kama su, har na ce, "Ku kwantar da hankali, ku yi shiru kada soja ya ji." Kujerata a lokacin tana jikin ta amarya. Sito yana bayana. Ban waiwaya ba.

Bayan la'asar dangin ango suka iso da guɗa da akwatuna. Aka gaisa, aka buɗe lefe, aka yaba. Azara ta ce, "Mma, a fito da tukwici." Na tashi a hankali, yadda nake tashi in ana kallona, na tura ƙofar sito.

Ga lemo. Ga buhun shinkafa. Ga zagayen mai a ƙasa, daidai faɗin gindin daro. Daro babu.

Na leƙa bayan buhu, kamar daron da mace ɗaya ke ɗauka da ƙyar zai ɓuya a nan. Azara ta zo bayana ta leƙa, ta ce a hankali, "Mma?" Da ma ta zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Gwaggo Sanatu ta gyara zama ta ce, "Hajiya, ko zabin ba su soyu ba ne, suka tashi?"

Na sake leƙa bayan buhu.

Sai ga Memuna ta ƙofar kicin, ba takalmi, daro a kanta, tana tafiya a duƙe irin ta mutumin gem, da gwiwoyin nan nata da kullum take kuka da su. Ta zo tsakiyar falo ta sauke, ko fiffike bai ragu ba. Sannan ta ba da labari tiryan-tiryan: yadda ta koyi dabarar a taga, ta tuɓe takalmi, ta rarrafo bayan doguwar kujera, ta wurga murfi ta taga, ta jira. Ta kwaikwayi tafiyata zuwa baranda, ta dubi hagu, ta dubi dama, ta ɗaure fuska irin tawa ta ce, "Kyanwa ce."

Akos ta ce, "Ni na gan shi yana rarrafe, Mma. Na so in faɗa, amma kai ka ce mu yi shiru soja zai ji."

Matan nan suka yi dariya har wata ta nemi ruwa. Amarya ta manta da lalle ta buga ƙafa, leda ta fashe.

Kowa ya san abin da taubashi ya ɗauke a biki ba sata ba ce, sai dai a fansa. Gwaggo Sanatu, tana share hawaye, ta ce su ma Dagomba haka suke yi, Memuna ta faɗi abin da take so. Na san abin da za ta ce tun kafin ta buɗe baki.

"Makulli. Gobe ɗaurin aure ni ce a ƙofar sito. Sakata ta huta ta yi gem."

Da hannuna na kwance shi daga mayafina na miƙa mata. Ta ɗaure a bakin sabon mayafinta na anko, wanda ta zo da shi nuna wa mutane, ta yi masa ƙulli biyu tana kallona.

Na hau yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, na kama hanyar komawa Aboabo. Sojan nan nake tunani. Har yanzu ina nan kan bakana, an yi shi da ƙaramin kai, kuma kyanwar ta yi yawa. Amma na daina cewa ƙarya aka shirya. Mai gadi ba rashin ido ke kayar da shi ba, tabbacin da yake da shi ne cewa ba mai iya wuce shi. Kuma in za ka zagi mai gadin wani, fara duba inda ka juya wa ƙofarka baya.

Washegari, gari na wayewa, na bi lungu zuwa gidan Memuna. Na tsaya bayan katangar da ta zube, na yi abin da gem ya koya mini, na zuba ido. Daga murhu ta je randa, daga randa ta dawo murhu. Mayafin anko yana rataye a ƙusar ƙofar ɗakinta, makulli yana lilo. Na tuɓe takalmi. Na tsinci gwangwanin madara na wurga kan kwanon garken awakinta.

"Awakin nan za su kashe ni," in ji ta, ta nufi can da muciya a hannu.

Na duƙa na shiga. Gwiwata ta yi ƙara kamar an karya itace, na ce shi ke nan, amma tana can tana yi wa akuya faɗa. Ƙulli biyu ba ya kwantuwa da gaggawa, sai na haɗa da mayafin duka.

Da ta iso Vittin, da tsohon mayafi wanda bai shiga da anko ba, ta tarar da ni a kujerata, bayana manne da ƙofar sito, kwaɗo a kulle, talabijin kuma na sa an lulluɓe ta da zanen tebur. Ta tsaya a kaina ta riƙe ƙugu.

"Sakata, ina mayafina?"

Na dubi hagu, na dubi dama. Na ce, "Wataƙila kyanwa ce."