Rasuwar Jan Akwatin Gidan Malam Sanda

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, iyalan marigayi Malam Sanda tela na Unguwar Shanu suna sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar jan akwatinsu, wanda aka fi sani da Ɗan Dako. Ya cika ranar Talata da hantsi a tsakar gida, bayan gajeriyar jinya ta kumburin ciki, a gaban Zulaiha, autar gidan, wadda aka shirya zai raka ta jirgi ranar Asabar zuwa karatun aikin jinya a ƙasar waje.

Marigayin ya shigo gidan daga gwanjon Kasuwar Barci tun Zulaiha ba ta yi wayo ba. Mai haƙuri ne, ba a taɓa jin ya ce ya ƙoshi ba. Ya hau saman mota a tashar Kawo, ya sha dukan ruwan sama a hanyar Zariya, an are shi kai lefe har Rigachikun ya dawo da ƙafa ɗaya a karkace. Duk layin sun san muryarsa. Zif ɗinsa "zirrr" yake cewa, kamar liman yana gyaran murya, ƙafar nan tasa kuwa "ƙwaras, ƙwaras" take yi a kan kwalta. Aibinsa ɗaya ne, kuma shi ne aibin unguwar nan kaf: bai iya cewa a'a ba.

A yi wa mamaci adalci, Zulaiha ba ta so tafiya da shi ba. Ta riga ta haɗa 'yar jakar baya wadda ba ta wuce kilo bakwai da ake yarda mutum ya shiga jirgi da shi ba: kaya kala uku, takardunta, caja, sallaya. Ba gayu ya sa ta ba, tsoro ne. Tun da ta ji labarin wata baiwar Allah daga Abakpa da aka tsare a filin jirgin wata ƙasa saboda ƙullin saƙon da ba ta taɓa kwancewa ba, ta daina yarda da saƙon kowa. Tana wanke-wanke tana jin tambayar nan ta jami'an filin jirgi a kunnenta: ke kika haɗa kayan nan da hannunki? Abin da take so kawai shi ne ta ce "e" ba tare da zuciyarta ta buga ba.

Mahaifiyarta, Inna Habiba, ta ce 'yar Malam Sanda ba za ta bar ƙasa da 'yar jaka kamar wadda aka kora ba. Kuma da wane ido za ta kalli maƙwabta? Haka aka sauko da Ɗan Dako daga kan wadirof, aka kakkaɓe shi, saƙo ya fara kwarara. Maƙwabciyarsu Maman Caleb ta kawo acca da citta na ɗanta da ke karatu can. Wasu suka kawo kilishi, daddawa, kuka, man shanu a gora. Har da mai saƙo zuwa garin da ba a ƙasar yake ba, wai ai duk ƙasar waje ɗaya ce.

Wannan ita ce cutar da ta kashe shi, kuma ba za a ɓoye ta ba. Mutum ya naɗe abu a leda, ya ɗaure tamau, ya ɗora wa 'yar mutane, in ta ce za ta duba a ce ba ta da kunya, saƙo amana ne. Wace irin amana ce wadda mai ba da ita zai kwana a gadonsa, mai ɗaukarta ta kwana a hannun hukuma? Kullum "ba komai, Allah na nan." Allah na nan mana, Shi ne kuma Ya ba mu ido.

Da cikin marigayin ya ƙi rufuwa, Inna Habiba da Maman Caleb suka hau kansa suka zauna, ana jan zif. Ya yi nishi, ya ce "zirrr" rabi, sai "ɓarrr". Kalmarsa ta ƙarshe ke nan. Kayan cikinsa suka zube, man shanu ya bi rariya, sai wani baƙin ƙulli naɗe da salatif ya gangaro har ƙafar Zulaiha. Babu suna a jikinsa. Kowa aka tambaya ya ce ba nasa ba ne. Can Inna ta tuna wani mutum mai babur da ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ya ce a kai wa ƙanensa, wanda zai tari Zulaiha a filin jirgin can. Ba ta tambayi sunansa ba, ai ya san sunan Malam Sanda. Ta kuma ce kada a buɗe, amana ce.

Zulaiha ta ja baya har ta jingina da bango. "Inna," ta ce, "in aka kama ni da shi, wa zai fito ya ce nasa ne?" Maman Caleb ce ta sunkuya ta kwance nata ƙullin a gaban kowa, ta ce ta fasa aikawa, Caleb ya ci abin da mutanen garin suke ci.

Marigayin ya rasu ya bar 'yar jakar baya guda, da kwaɗonsa na tagulla, da tabon man shanu a siminti. Iyalan suna godiya ga wanda ya aiko da jakar Gana-mas-go don ta gaje shi. An mayar masa da ita.

Gawar tana zaure. Duk mai saƙo ya zo ya ɗauki abinsa kafin Juma'a bayan la'asar, lokacin da ɗan gwangwan zai kai marigayin makwancinsa. Baƙin ƙullin yana wurin mai unguwa, yana jiran mai shi ya zo ya kwance da hannunsa a gaban jama'a. Har yanzu bai zo ba. Masu ta'aziyya su zo hannu rabbana. Jakar Zulaiha a rufe take. Inna Habiba da kanta ta danna mata kwaɗon marigayin, ta rataya wa 'yarta makullin a wuya.