Ranar da Na Gurfanar da 'Yata

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar nan ba, ko da zan manta sunan unguwarmu. A farkon shekarun saba'in ne, muna zaune a unguwar Hindawiyya cikin Jidda, ina aikin akawu a wani ofishi a Bagdadiyya. Na ɗan taɓa boko a Sudan kafin mu ƙaura Jidda, kuma wallahi babu wanda zai zauna da ni minti goma bai san haka ba.

Wani abokin aikina ya ara mini littafin Turanci, labarin wata ƙasa da hukuma ta sa wa kowa ido. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yara. Tun suna ƙanana ake cusa musu cewa hukuma ta fi uwa da uba, a koya musu laɓe da kasa kunne, duk abin da iyaye suka faɗa a gida su kai rahoto. Na gama shi cikin kwana huɗu (da ƙamus a gefe, kada in yi ƙarya), na ɗago kai na fara kallon 'ya'yana da wani ido.

To, a lokacin muna da abin ɓoyewa. Kawu Ilyasu, ƙanen mahaifiyata, ya zo aikin Hajji daga Kano, ciwon ƙafa ya hana shi bin jirgin komawa, izinin zamansa kuma ya ƙare. Babu iƙama, wato takardar zama, babu kafili da zai tsaya masa. Muna ta neman hanyar gyara takardu, shi kuwa yana ɗakin baya yana shan shayinsa. In labari ya kai inda bai kamata ba, za a tasa ƙeyar tsohon nan, ni ma in sha tambayoyi.

Sai ga Safiyya, 'yata mai shekara tara, ta ɓullo da sabon hali. Haihuwar Jidda ce, tana jin Hausa daidai gwargwado, amma in ta buɗe baki Larabci ke fita. Ta samo wani ɗan littafin rubutu, duk inda manya suka zauna sai ta raɓe a bakin ƙofa tana rubuce-rubuce. Rannan na ji tana tambayar Kawu sunan garinsu da ranar da ya zo. Na ce shi ke nan, makaranta ta gama da mu.

Na gaya wa uwarta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, don Allah ka mayar wa mutumin nan littafinsa."

Ina! Na hana magana mai nauyi a gida. Na koma yi wa Kawu raɗa, alhali kunnensa ɗaya ba ya ji. Har laɓewa na yi bayan labule ina leƙen yarinya, ni da gemuna. Sau biyu na bincike jakarta ban sami komai ba, ashe da littafin take kwana.

Ranar Juma'a bayan salla, maƙwabcinmu Alhaji Babikir, mai shagon yadi a kasuwar Bab Makka, ya shigo da baƙi uku muka ci shinkafa. Safiyya ta kawo shayi, tana sunkuyawa littafin ya faɗo daga hammatarta. Na yi wuf na cafke shi, na miƙe tsaye kamar mai huɗuba.

"Jama'a, ku shaida! Ana koya wa 'ya'yanmu leƙen asirinmu. Ga kawuna can a ɗakin baya ba shi da iƙama, yarinyar nan kuwa kullum tana rubuta motsinsa. Alhaji, kai ne babba, karanta kowa ya ji."

Alhaji Babikir ya gyara tabarau. Hausa ce da haruffan Larabci, kowace kalma da ma'anarta a gefe. Ya fara, "Muciya. Ludayi. Rariya." Ya juya shafi. "Kaka ya ce: Balarabiyata, zo ki zauna." Kawu take nufi. Da ina da hankali, a nan zan karɓe. Sai na ce ya ci gaba, mugun abin yana ciki. Kuma da gaskiyata, yana ciki.

"Maganganun Baba," in ji shi. Ya yi gyaran murya. "Baba ya ce: hancin Alhaji Babikir tun daga Bab Makka yake jiyo ƙamshin tukunyarmu. Ma'ana: ban gane ba." Ya leƙo ni ta saman tabarau. "Baba ya ce: yadin shagonsa wanki ɗaya yake zuba."

Sai muka jiyo dariyar Kawu daga ɗakin baya, har da tari (wannan kam kunnensa ya ji). Baƙi suka fashe. Ni dai ina tsaye.

Safiyya ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Tana kuka ta ce, rabi Hausa rabi Larabci, "Abuya, Kaka yana tsokanata wai ban iya magana ba. So nake in iya hira da shi kafin ya tafi." Wannan ya fi dariyar yi mini ciwo.

Alhaji Babikir ya miƙa mata littafinta, ya ce da ni, "Zancen Kawu, duk layin nan mun sani tuntuni, babu wanda ya furta. Kai ne na farko, kuma taga a buɗe. Halas, magana ta ƙare, zauna ka zuba mini shayi, tunda hancina ya kawo ni."

Shi ne kuwa ya tsaya aka gyara takardun, Kawu ya koma Kano lafiya. Safiyya sai da ta yi mako guda ba ta dube ni ba. Da muka shirya, hukuncin da ta yanke mini shi ne in zauna in fassara mata shafin nan nawa layi-layi, uwarta na gefe tana saurare.

Ina karanta littattafai har yanzu. Amma in zan yi gulmar maƙwabci sai na waiga in ga ko akwai yaro kusa. In babu, sai in tuna wanda ya fi kowa tona asiri a gidan nan yana nan zaune cikin rigata, in ja bakina in yi shiru.