Bakin Unaisi Ya Shiga Mujalla

Da hantsi Unaisi ta gangaro bakin teku da mujallar masu nutso a hammata da ambulan a hannu. Ita ke wanki a otal ɗin tsibirin Kadavu, a ɗakin wani baƙo ta tsinci mujallar. Taubashinta Peniasi, ɗan kawunta, shi ke raka baƙi ƙarƙashin ruwa. Ta same shi yana loda tukwanen iskar nutso a jirgin ruwa, yana fito abinsa, bai san asirinsa ya tonu ba.

"Sannu da aiki, shugaban maƙaryatan teku."

"Yauwa, rediyon gari. Wa kika cinye da safen nan?"

"Kai zan fara da shi. Saurara." Ta buɗe shafin wasiƙun masu karatu. "Wata mata ce daga Wellington. Ta ce ta yi nutso a wani kogo wai shi Bakin Unaisi. Ɗan rakiya ya gaya mata sunan wata dodanniya ce ta zamanin kakanni, mai haɗiye kwalekwale da mutanen ciki. Editan ya ce duk mai cikakken tarihi ya rubuto."

Tukunyar da ke hannun Peniasi saura kaɗan ta sauka a ƙafarsa. Shekara shida ke nan da ya raɗa wa kogon sunan don tsokana, baƙi suka ɗauka, matar da ke da otal ɗin ta buga shi a riguna da allon ƙofa. Mai otal ɗin nan kuwa ba ta haɗa ƙarya da aiki. Ranar da ta ji labarin ƙirƙira ne, ranar zai ajiye mata makullin jirgi.

"Unaisi nawa ne a duniya?" ya ce. "Ke kaɗai aka haifa?"

"Mai baki irin wannan ni kaɗai ce, kai ma shaida ne. Ga tarihin na rubuta. Dodanniya tana raye, ita ke wanke zanen gadon da matar ta kwana a kai. Jirgin wasiƙu ƙarfe goma sha biyu zai tashi."

"Haba taubashiya! Ki raba ni da abincina? 'Ya'yana uku gidanki zan kawo su."

"Kawo su, su huta da cin rogo gaya."

"To ina ƙaryar take? Ranar bikin 'yar'uwarmu Sereana ba ke kika tashi da rabin kifin gayya ba?"

"Kwalekwale fa?"

"Ba a ba ki ba ne."

Ta danne dariya da ƙyar. Gaskiyar magana, ba haushi ne ya hana ta barci jiya ba. Matar Wellington ɗin ta rubuta cewa a nutsonta na shekara ashirin ba ta ga wuri mai kyan wannan ba, har ta yi kuka a cikin gilashin fuska. Unaisi tun tana yarinya take kamun kifi a bakin gaɓa, amma ba ta taɓa leƙa abin da ke ƙasan can ba, kuma abin ya tsaya mata a rai.

"Wai me ke ciki da har ya sa baƙuwa kuka?"

"Faɗi dai kamar na bakinki. Kifi ya shiga ta nan ya fita ta can, ba abin da ke kwana a ciki."

"Peniasi, ambulan na hannuna."

Ya share gumi, ya sauke murya. "Murjani ne ja da ruwan hoda tun daga sama har ƙasa, laushi kamar auduga. In rana ta take, haske yakan sauko ta wata ɓula, ƙananan kifaye dubu su juya lokaci ɗaya. Ni kaina nakan tsaya kallo in manta da baƙi."

Unaisi ta matso kusa da jirgin.

"Kai ni in gani. In ya yi kama da ni, wasiƙa ta fasa tafiya."

"Sai kin yi kwana uku kina koyo a ruwa marar zurfi. Kuma akwai sharaɗi. Robar numfashi a baki ake riƙe ta. Minti arba'in ba magana."

"Arba'in? Ko kalma ɗaya?"

"Me kike tsammani ya kai ni aikin nan? Can kaɗai ne ba na jin ki."

Jirgin wasiƙu ya yi ƙahon farko. Peniasi ya zuba wa ambulan ido kamar mai jiran hukunci. Unaisi ta juya shi a hannu sau biyu.

"To in mutum ya ɓata maka rai a ƙasan, yaya kake zaginsa?"

"Da hannu. Komai da alamarsa."

Ta fashe da dariya, ta cusa masa wasiƙar a aljihun riga, ta tattare zane ta taka cikin jirgi.

"Riƙe abincinka. Amma wannan darasin za ka fara koya mini, kafin na numfashi."