Rasuwar Jan Rediyon Kan Firij

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Marlene, a madadin iyalan Kowalski masu gidan abincin bakin tashar jirgin ƙasa, nake sanar da rasuwar jan rediyonmu, wanda ya cika ranar Asabar a kan firij, inda ya yi duk rayuwarsa.

Kakanmu Wendell ne ya sayo shi tun yana saurayi. Ta bakin marigayin kiɗan rok ya fara shigowa gidanmu, ranar da Kaka Dolores ta yar da ludayi ta ce shaiɗan ya samu lantarki. Shi ya kawo labarin matasan da suka yi kwanaki cikin laka suna sauraron jita. Ranar da 'yan besbol ɗin garinmu, masu dukan ƙwallo da sanda, suka ci kofi, ihu ya yi har ya faɗo ƙasa; tabon na nan a goshinsa. Shekarar da manyan 'yan wasa suka yi yajin aiki kuwa, tare muka yi zaman makoki.

Marigayin mai rufin asiri ne. Ni ko ido ba na iya haɗawa da baƙo. Amma a zagaye na bakwai na kowane wasa, lokacin da 'yan kallo ke miƙewa a filin wasa su yi waƙa, nakan ƙure muryarsa, in laɓe a bayanta, in saki tawa. Bai taɓa tona ni ba.

Ya jima yana fama da tari, "ƙrrr, shhh," sai an ɗan mare shi yake warwarewa. Ranar Asabar gidan abinci ya cika maƙil, zagaye na bakwai ya zo, na juya wa mutane baya na ɗauki waƙa. A tsakiya ya ce "tsut," ya cika. Ni ban sani ba! Na kai ta har ƙarshe, ido a rufe, har da jan murya a bakin cokalin da na riƙe kamar makirfo.

Da na waiwayo, kowa ya saki baki. Kawuna Floyd ya ce, "Ke 'yar nan, ashe ke ce? Mu kuwa muna ta yabon batir!"

Na ruga ɗakin dankali na kulle. Mista Ambrose mai kula da filin wasa ya biyo ni, yana magana ta bayan ƙofa: "Lahadi ke za ki buɗe mana wasa da waƙa. Ki ce a'a in ji." Kunya ta hana ni cewa a'a.

Marigayin ya bar batura guda huɗu, da eriya mai ɗaurin waya, da talabijin ɗin da ba sa ga maciji da juna.

Za a yi jana'izarsa ranar Lahadi a bayan shingen filin wasa, cikin kwalin takalmi, kafin a jefa ƙwallon farko. Akwai gyaɗa da lemo. Ni zan yi waƙa, ba mai rufa mini asiri. Don girman Allah, duk wanda ya halarta ya juya mini baya har in gama.